Kwangilar Gwamnati a Fannoni Daban-daban: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu ƙanana da matsakaitan kamfanoni suka fi maimaitawa idan suka fara tunanin sayar wa gwamnati kaya ko yi mata aiki. Dokokin ba da kwangila sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tushensu kusan ɗaya ne, shi ya sa aka ɗauko misalai daga wurare daban-daban.

Me ake nufi da kwangilar gwamnati, kuma yaya girman wannan kasuwa yake?

Kwangilar gwamnati yarjejeniya ce da wata ma'aikata, ko hukuma, ko ƙaramar hukuma, ko kamfani mallakar gwamnati ke ƙullawa da ɗan kasuwa domin ya kawo kaya, ko ya yi gini, ko ya gudanar da wata hidima, a biya shi daga dukiyar jama'a. Galibin dokoki suna kasa ta gida huɗu: sayen kaya, ayyukan gine-gine, hidimomi irin su shara da gadi da sufuri, sai kuma aikin ƙwararru masu ba da shawara. Kowane gida yana da irin takardunsa da hanyar da ake tantance masu nemansa.

A ƙasashen OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, abin da gwamnatoci ke kashewa a sayayya ya kai kusan kashi 12 zuwa 13 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. A Tarayyar Turai ya kai kusan kashi 14, wato kimanin yuro tiriliyan 2 duk shekara, gwamnatin tarayyar Amurka kuwa ta kashe fiye da dala biliyan 700 a kan kwangiloli a shekarar kasafin kuɗi ta 2023. Sai dai waɗannan alƙaluma suna iya ruɗar sabon shiga, domin ba kasuwa ɗaya ba ce. Mai kawo alluran rigakafi da mai gina gada da mai rubuta manhajar kwamfuta duk 'yan kwangilar gwamnati ne, amma sharuɗɗan shigarsu, da jarin da suke buƙata, da tsawon lokacin da suke jiran kuɗinsu ba su da wata alaƙa da juna.

Me ya sa gwamnati ba ta sayayya kai tsaye kamar yadda kamfani mai zaman kansa yake yi?

Saboda kuɗin ba na jami'in da ke sayayyar ba ne, dole ne ya iya kare kowane mataki da ya ɗauka a gaban masu binciken kuɗi da majalisa da kotu. Daga nan ne aka samo ƙa'idoji uku da ake tararwa a kusan kowace doka: a yi gasa, a yi komai a fili, kuma a ɗauki duk masu nema daidai wa daida. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin ciniki, UNCITRAL, ta fitar da dokar koyi a kan sayayyar gwamnati a 1994 kuma ta sabunta ta a 2011, ƙasashe da yawa sun yi tasu a kan irin wannan tsari. Gana ta yi tata dokar a 2003, Najeriya a 2007, Kenya ta sabunta tata a 2015, sabuwar dokar Birtaniya ta 2023 kuma ta fara aiki a watan Fabrairun 2025.

Abin da wannan ke nufi ga ɗan kasuwa shi ne jami'in ba shi da ikon yi masa afuwa idan ya bar wata takarda a baya ko ya makara da minti biyar, ko da kuwa kayansa sun fi na kowa inganci. In ya yi masa afuwa, sauran masu nema suna da hujjar kai ƙara.

Waɗanne hanyoyi ake bi wajen ba da kwangila?

Babbar hanya ita ce gasa a buɗe, inda ake tallata aikin kowa ya miƙa tayinsa a rufe, a buɗe su gaba ɗaya a rana da lokacin da aka sanar. A manyan ayyuka akan fara da tantancewa, a zaɓi kamfanonin da suka cika sharuɗɗa, su kaɗai za a ba takardun gasar. A ƙananan sayayya akan nemi farashi daga kamfanoni kaɗan, galibi aƙalla uku, a ɗauki wanda ya fi sauƙi cikin waɗanda suka cika ƙa'ida. Ba da kwangila ga kamfani ɗaya ba tare da gasa ba yana halatta ne a yanayi na musamman, kamar bala'i ko lokacin da kamfani ɗaya ne tak yake da kayan.

Akwai kuma yarjejeniyar dogon zango, wadda ake zaɓar kamfanoni sau ɗaya a sa su a jeri, sannan hukumomi su riƙa yin oda daga wurinsu duk lokacin da buƙata ta taso. A Tarayyar Turai irin wannan yarjejeniya ba ta wuce shekara 4 sai da dalili mai ƙarfi. Wanda ya bari ranar shiga ta wuce shi yana iya zama a waje har wa'adin ya ƙare.

A ina ake samun labarin kwangilolin da ake tallatawa?

Yawancin ƙasashe sun mayar da tallan zuwa intanet. Koriya ta Kudu ta buɗe shafinta na kwangiloli, KONEPS, a 2002, Indiya ta buɗe GeM a 2016, a wannan shekarar ce kuma Yukren ta wajabta amfani da ProZorro. Amurka tana da SAM.gov, inda rajista kyauta ce, Tarayyar Turai tana da TED, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suna da UNGM. A wasu ƙasashen har yanzu doka tana wajabta bugawa a manyan jaridu ko a mujallar gwamnati ta kwangiloli. Shafukan suna rarraba ayyuka da lambobin fanni, kamar NAICS a Amurka da CPV a Turai, saboda haka kamfanin da ya zaɓi lambar da ba ta dace da sana'arsa ba, zai riƙa rasa sanarwar da ta shafe shi.

Amma wanda ya jira sai talla ya fito ya riga ya makara, domin wa'adin 'yan makonni ba ya isa a haɗa takardu da lamunin banki, wato alƙawarin banki na biyan hukumar idan kamfani ya saɓa, da farashin masu kaya. Abubuwa uku ne suka fi amfani a bibiya tun da wuri: kasafin kuɗin hukumar, jadawalin sayayyarta na shekara inda ake wallafa shi, da sanarwar waɗanda suka ci kwangilolin baya tare da farashinsu. Na ukun nan shi ne wanda mutane suka fi yin sakaci da shi, alhali shi ke nuna su wane ne abokan gasa da kuma matsayin farashin da ake ci da shi.

Waɗanne takardu ne kamfani zai tanada kafin ya nema?

Kusan ko'ina ana neman takardar rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji, da shaidar biyan kuɗin fansho ko inshorar ma'aikata, da rahoton kuɗi da akanta mai lasisi ya bincika, galibi na shekara uku, da shaidar ayyukan da aka taɓa yi masu kama da wanda ake nema, da rantsuwar cewa kamfanin bai karye ba kuma ba a haramta masa shiga gasa ba. A kan waɗannan ne kowane fanni yake ɗora nasa lasisin, kamar yadda amsoshin fannoni da ke ƙasa suka nuna. A lura cewa yawancin takardun nan suna da wa'adi, kuma wa'adin da ake dubawa shi ne na ranar rufe gasar.

Wane fanni ne ya fi dacewa da sabon shiga?

Fannin da kamfanin yake aiki a cikinsa tun farko, yake da abokan ciniki a waje, kuma ya san farashin kayansa ciki da bai. Kamfanin da ya rubuta a takardunsa cewa yana gini, yana kawo magani, yana sayar da kwamfuta kuma yana horar da ma'aikata, ba ya burge mai tantancewa, domin abin da ake nema shi ne shaidar aiki irin wanda aka tallata. Neman kwangila a fannin da mutum bai sani ba da niyyar sayar da ita ga wani shi ne tushen yawancin ayyukan da ake watsarwa, kuma jama'ar da aka yi aikin dominsu su ne ke shan wahalar.

Idan ana maganar sauƙin shiga, kawo kayan ofis da kayan ɗaki da tufafin ma'aikata da ɗab'i, da hidimomi irin su shara da gyaran injina da sufuri, su ne suka fi ƙarancin shinge. Illarsu ita ce cunkoso da ƙarancin riba. Fannonin da ke da lasisi mai wuyar samu suna da ƙarancin masu gasa, kuma a nan ne kamfanin da ya yi haƙurin mallakar takardun ƙwarewa yake cin moriyar wahalarsa.

Yaya kwangilar gine-gine da hanyoyi take aiki?

Wannan shi ne fannin da ya fi cin jari kuma ya fi yawan rigima. Ana neman injiniyoyi masu rajista, da jerin injinan aiki da kamfanin ya mallaka ko ya yi yarjejeniyar haya a kansu, da shaidar yawan cinikin shekara, da tabbacin cewa akwai kuɗi a hannu ko bashin banki da zai riƙe aikin na 'yan watanni. Ana ba mai nema jadawalin kayan aiki da adadinsu, ya sa farashi a kan kowane layi, sannan a riƙa biyan sa gwargwadon abin da aka auna aka tabbatar ya yi.

Manyan ayyuka da yawa suna amfani da samfurin yarjejeniya na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara da aka kafa a 1913. An san samfuran da launin bangonsu: ja idan mai aikin ne ya kawo zane, ruwan ɗorawa idan ɗan kwangila ne zai yi zane ya gina, ruwan azurfa kuma idan zai ɗauki aikin baki ɗaya ya miƙa mabuɗi, tare da mafi yawan haɗarin a wuyansa. Akwai wani sharaɗi a cikinsu da ya karya kamfanoni da dama: idan wani abu ya faru da zai sa ɗan kwangila ya nemi ƙarin lokaci ko ƙarin kuɗi, dole ya ba da sanarwa a rubuce cikin kwana 28 daga lokacin da ya san da shi, in ba haka ba haƙƙin yana iya faɗuwa. A ce an fara haƙa tushe aka tarar da dutse inda rahoton ƙasa bai nuna ba. Shugaban aiki ya faɗa wa injiniyan da ke sa ido kan aikin da baki, injiniyan ya ce a ci gaba, aka yi wata biyu ana fasa dutse. Ranar da aka kawo lissafin, abin da za a tambaya shi ne wasiƙar sanarwa da kwanan watanta.

Bayan an gama aiki akwai wa'adin gyaran duk wani aibi da ya bayyana, galibi shekara ɗaya, kuma ana riƙe wani kaso na kuɗin har wa'adin ya cika. An yi bayanin tasirin wannan a amsar da ke magana kan jinkirin biya.

Fannin lafiya fa? Shin sai manyan kamfanonin magani ne kaɗai ke samu?

A ƙasashen OECD fannin lafiya ne ke ɗaukar kaso mafi girma na sayayyar gwamnati, kusan kashi 30 cikin 100. Game da magani da alluran rigakafi, shingen yana da tsawo kuma ya kamata ya kasance haka, domin rai ake magana. Dole maganin ya samu rajistar hukumar kula da magunguna ta ƙasar, mai kawo shi ya mallaki lasisi da wasiƙar izini daga masana'anta, sannan a cika sharaɗin yawan wa'adin da ya rage wa maganin ranar da aka kawo shi. Idan kuɗin daga masu ba da tallafi na duniya ya fito, sau da yawa ana neman shaidar tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya, tsarin da ta fara wa magunguna a 2001, kuma manyan odoji suna bi ta cibiyoyi irin sashen sayayya na UNICEF da ke Kopenhagen.

Amma asibiti ba magani kaɗai yake saye ba. Yana buƙatar safar hannu da zanin gado da iskar oksijin, da wanki, da kwashe sharar asibiti mai haɗari, da jigilar kaya cikin sanyi, da gyaran na'urori. Gyaran na'urori musamman fage ne da ake ƙarancin masu hannu a cikinsa, domin ana sayen injin mai tsada ya lalace a ajiye shi saboda babu mai gyara a kusa. Ƙaramin kamfanin da ya tura ma'aikatansa suka samu horo da takardar shaida daga masana'anta yana da abin da manyan dillalai ba su da shi.

Wace dama ke akwai a fasahar sadarwa da kwamfuta?

Sayar da kwamfutoci da na'urorin ofis gasa ce ta farashi, kuma ana neman wasiƙar izini daga masana'anta da garanti. Damar da ta fi ɗorewa tana cikin rubuta manhaja, da ajiyar bayanai, da tsaron intanet, da kula da tsarin bayan an kafa shi. Birtaniya ta buɗe tsarin G-Cloud a 2012 domin ƙananan kamfanoni su iya sayar wa hukumomi irin wannan hidima ba tare da doguwar gasa ba, Amurka kuma ta kafa FedRAMP a 2011 domin tantance tsaron masu ajiyar bayanan gwamnati. Abin da za a karanta da kyau a yarjejeniyar shi ne wanda zai mallaki manhajar bayan an gama, da inda doka ta yarda a ajiye bayanan 'yan ƙasa, da ma'aunin da za a bi a ce an karɓi aikin, domin idan ba a fayyace shi ba hukumar za ta yi ta neman gyara ba tare da ranar biya ta zo ba.

Manoma da ƙungiyoyin gama-kai suna iya shiga?

Suna iya shiga, musamman ta hanyar ciyar da ɗalibai, da ajiyar hatsi na ƙasa, da samar da iri. A lokacin da aka kafa ta a 2009, dokar Birazil ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin tarayya na ciyar da ɗalibai wajen saye daga ƙananan manoma, Hukumar Samar da Abinci ta Duniya kuma ta fara wani shiri a 2008 na saye daga ƙungiyoyin manoma. Manomi ɗaya ba ya iya cika adadin da ake nema, saboda haka hanyar ita ce ƙungiya mai rajista da asusun banki da wurin ajiya, wadda za ta iya kiyaye ma'aunin danshi da tsafta. Babban haɗarin shi ne a sa farashi lokacin kaka a ce a kawo kaya bayan wata shida, lokacin da kasuwa ta tashi.

Makamashi, tsaro da manyan ayyukan haɗin gwiwa: akwai wurin ƙaramin kamfani?

A matsayin babban ɗan kwangila, da wuya. A ayyukan haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da 'yan kasuwa, kamfani ne ke zuba jarinsa ya gina tashar lantarki ko hanya, ya riƙa karɓar kuɗinsa a hankali cikin shekara 20 ko 30. Shirin Afirka ta Kudu na sayen lantarki daga rana da iska, wanda aka fara a 2011, misali ne na irin wannan gasa, kuma ya haɗa da sharuɗɗan amfani da kayan gida da samar wa mutanen yankin aiki. A fannin tsaro kuwa, wanda ke ɗaukar fiye da rabin kwangilolin tarayyar Amurka, akwai binciken sirri na ma'aikata da dokoki na daban.

Ƙofar ƙaramin kamfani a waɗannan fannoni ita ce dokokin fifita 'yan ƙasa, irin dokar Najeriya ta 2010 a fannin mai da gas, da kuma karɓar wani yanki na aikin daga babban kamfani, wanda aka yi bayaninsa a amsar da ke magana kan rashin gogewa.

Shin wanda ya fi araha ne kullum yake ci?

A kayan da aka fayyace siffarsu, wanda ya fi araha cikin waɗanda suka cika dukan sharuɗɗa ne yake ci, kuma sharuɗɗan ne ake fara dubawa kafin farashi. A ranar buɗe tayi ana karanta sunan kowane kamfani da farashinsa da ko ya haɗo lamunin banki, a gaban wakilan masu nema. Wanda aka karanta farashinsa a matsayin mafi ƙanƙanta yana iya fita yana murna, daga baya kwamiti ya gano cewa wanda ya sa hannu a takardar tayin ba shi da izinin kamfani a rubuce, ko lamunin ya gaza wa'adin da aka nema da kwana biyu, sai a jefar da tayin tun kafin a kai ga kwatanta farashi.

A aikin ƙwararru da ayyuka masu sarƙaƙiya ana haɗa inganci da farashi. A ce an ba inganci maki 80, farashi maki 20. Kamfani na farko ya samu 90 cikin 100 a inganci ya nemi miliyan 120, na biyu ya samu 75 ya nemi miliyan 100. Na farko zai tashi da 72 a inganci da kusan 16.7 a farashi, jimla 88.7; na biyu zai tashi da 60 da 20, jimla 80. Mai tsadar ne ya ci. Bankin Duniya ya wajabta irin wannan auna inganci a yawancin gasanninsa na ƙasa da ƙasa daga watan Satumban 2023. Farashin da ya yi ƙasa fiye da kima shi ma ana iya neman bayani a kansa, a ƙi shi idan bayanin bai gamsar ba.

Akwai kason da ake keɓe wa ƙananan kamfanoni, mata ko matasa?

Akwai a ƙasashe da dama. Amurka tana da burin ba ƙananan kamfanoni kashi 23 cikin 100 na kuɗin kwangilolin tarayya, da kashi 5 ga kamfanonin mata. Kenya ta keɓe kashi 30 ga matasa da mata da masu buƙata ta musamman tun 2013. Indiya ta ɗaga kason ƙananan masana'antu zuwa kashi 25 a 2018. Tarayyar Turai ta bi wata hanya a dokarta ta 2014, inda ta ƙarfafa rarraba manyan kwangiloli gida-gida, ta kuma hana a nemi cinikin shekara da ya wuce ninki biyu na darajar kwangilar sai da dalili. Cin moriyar kason yana buƙatar rajista ta musamman, kuma sa sunan mace ko matashi a takarda alhali wani ne yake juya kamfanin zamba ce da ake hukuntawa.

Ana neman shaidar gogewa, ni kuma ban taɓa yin kwangilar gwamnati ba. Ta ina zan fara?

Da farko, yawancin takardun gasa suna karɓar aikin da aka yi wa kamfanoni masu zaman kansu, muddin akwai yarjejeniya da takardar shaidar kammalawa. Saboda haka a riƙa karɓar wannan takarda a duk aikin da aka gama, komai ƙanƙantarsa. Na biyu, ana iya haɗin gwiwa da wani kamfani a miƙa tayi ɗaya, sai dai a sani cewa galibi kowane ɓangare yana ɗaukar alhakin aikin baki ɗaya, idan abokin ya gaza za a bi wanda ya rage.

Na uku shi ne karɓar yanki daga babban ɗan kwangila. Hanya ce mai kyau ta koyo, amma kuɗin ƙaramin yana hannun babban. Lokacin da kamfanin Carillion na Birtaniya ya durƙushe a watan Janairun 2018, dubban ƙananan kamfanoni da ke ƙarƙashinsa sun rasa kuɗin ayyukan da suka riga suka yi. A Amurka dokar Miller ta 1935 ta wajabta wa manyan 'yan kwangilar gine-ginen tarayya su kawo lamunin da zai biya na ƙasa da su, amma ba kowace ƙasa ke da irin wannan kariya ba. A nemi yarjejeniya a rubuce mai ɗauke da ranar biya, kuma a guji sharaɗin da ya ce ba za a biya ƙarami ba sai an biya babba.

Mene ne lamunin banki da kuɗin kafin alƙalami?

Lamuni iri uku ne aka saba nema. Na tayi, wanda galibi ba ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na darajar aikin, ana cinye shi idan kamfani ya janye bayan rufe gasa ko ya ci ya ƙi sa hannu. Na cika aiki, galibi kashi 5 zuwa 10, ana cinye shi idan aka gaza. Na uku shi ne wanda ake bayarwa kafin a karɓi kuɗin kafin alƙalami, kuma yana daidai da adadin kuɗin. Banki ba ya ba da ko ɗaya kyauta, yana cajin lada kuma sau da yawa yana neman jingina. Kuɗin kafin alƙalami kuma bashi ne da ake cirewa a hankali daga biyan da ke tafe, ba riba ba ce. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Idan gwamnati ta jinkirta biya fa?

Doka tana sa wa'adi. Dokar Amurka ta 1982 da umarnin Tarayyar Turai na 2011 sun sa kwana 30 a matsayin ƙa'ida, dokar Najeriya ta 2007 ta ɗauki abin da ya wuce kwana 60 a matsayin jinkiri mai jawo kuɗin ruwa. A aikace jinkiri yana faruwa a ƙasashe masu arziki da matalauta, kuma shi ne abin da ya fi kashe ƙananan 'yan kwangila, fiye da faɗuwa a gasa.

A ɗauki kwangilar miliyan 100 a kowane irin kuɗi, wadda aikinta zai ci miliyan 85, ana sa ran ribar miliyan 15. An karɓi kafin alƙalami miliyan 15, an ranto sauran 70 a kan ruwan kashi 2 cikin 100 a wata. Idan biya ya ɗauki wata 6, ruwan ya zama miliyan 8.4, a ƙara miliyan 1 na ladan lamuni, saura miliyan 5.6. A cikin wannan an riƙe miliyan 5 har sai wa'adin gyara ya cika, ke nan abin da ke hannu bai kai miliyan 1 ba, kuma ba a cire haraji ba tukuna. Wannan lissafi ya kamata a yi shi kafin a sa farashi, a kuma tabbatar cewa aikin yana cikin kasafin kuɗi, a tambayi waɗanda suka taɓa yi wa hukumar aiki yadda take biya. Bai dace ba kamfani ya sa duk jarinsa a kwangila ɗaya, domin albashin ma'aikatansa ba zai jira ba.

Kamfani zai iya neman kwangila a wata ƙasa ko a ayyukan hukumomin duniya?

Yarjejeniyar sayayyar gwamnati ta Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1996 aka sabunta ta a 2014, ta buɗe kasuwannin mambobinta ga juna, amma akasarin ƙasashe masu tasowa ba sa cikinta. Hanyar da ta fi kusa ita ce ayyukan da Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka ko makamantansu ke ba da kuɗinsu. A nan gwamnatin da ta karɓi bashin ce take ba da kwangilar, amma bisa ƙa'idojin bankin. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suna sayayyar fiye da dala biliyan 20 a shekara, da yawa daga ciki a ƙasashen da suke aiki, kuma rajistar farko a UNGM kyauta ce.

Na rasa kwangila kuma ina ganin an zalunce ni. Me zan yi?

A fara da neman bayanin dalilin faɗuwa a rubuce, domin dokoki da yawa sun ba mai nema wannan haƙƙi, kuma bayanin yana da amfani ko da ba za a yi ƙorafi ba. Idan akwai hujja, ana kai ƙorafi ga shugaban hukumar, sannan ga hukumar da ke sa ido kan sayayya, sannan kotu. Wa'adin gajere ne ƙwarai, sau da yawa kwanaki ne kawai. A Tarayyar Turai akwai aƙalla kwana 10 tsakanin sanar da wanda ya ci da sa hannu domin a ba da damar ƙorafi, a Amurka kuma GAO, ofishin binciken kuɗin gwamnati, yana yanke hukunci cikin kwana 100. Ƙorafin da ke nasara shi ne wanda ya nuna takamaiman sashe na takardun gasa ko na doka da aka saɓa.

Wani ya ce zai samo mini kwangila idan na ba shi kaso. Ya halatta?

Biyan ƙwararre ya taimaka wajen shirya takardun tayi halal ne, matuƙar an bayyana shi inda aka nema. Biyan wani domin ya karkatar da hukuncin kwamiti cin hanci ne, haka ma haɗa baki da abokan gasa a tsara wanda zai ci ko a miƙa tayin bogi don cika adadi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci ta 2003 ta keɓe sashe na 9 ga sayayyar gwamnati, kuma tun 2010 manyan bankunan raya ƙasa biyar suka amince cewa kamfanin da ɗayansu ya haramta wa shiga na fiye da shekara ɗaya, sauran ma za su haramta masa. Kason da aka bayar daga jikin aikin yake fita, a rage siminti ko a kawo maganin da bai kai ba, kuma sa hannun ɗan kwangila ne ke kan takardar idan bincike ya zo. Akwai kuma 'yan damfara da ke aika takardar ba da kwangila ta bogi su nemi kuɗin rajista a asusun wani mutum, saboda haka a tabbatar da duk wata takarda a shafin hukumar ko a ofishin sayayyarta kafin a fitar da ko sisi.